Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Rikodar Aljihu

Idan ka sa sabon batir a tsohuwar rikodar aljihu, ka danna maɓallin kunnawa, ka kara ta a kunne ka ji wani abu yana ɗan gurnani a ciki amma kaset bai motsa ba, to ka yi murna. Ƙarar moton ce, kuma tana shaida maka cewa wuta na shiga. Abin da ya mutu wata 'yar siririyar roba ce da kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Yawancin rikodojin da ke kwance a ƙasan akwati da kantocin masu gyaran rediyo, roba da datti da ruwan batir ne suka kwantar da su. Kayan lantarkin da ke ciki sukan fi komai jure shekaru. Don haka gyaran yana da tsari: a faro daga waje a shiga ciki, a faro daga mai araha kafin mai tsada, kuma duk abin da ba a tabbatar ya lalace ba, a ƙyale shi.

Kaset ɗin kansa kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 1963, da jagorancin injiniya Lou Ottens. Ranar 1 ga Yuli 1979 kuma Sony ya sa Walkman na farko a kasuwar Japan, samfurin TPS-L2, mai launin shuɗi da ruwan azurfa, da ramin abin sauraro biyu don mutum biyu su ji tare, a kan yen 33,000. Aiwa da Panasonic da Toshiba da Sanyo suka bi sahu, kowa da nasa. A 2010 Sony ya sanar da daina yin mai kaset a Japan, bayan ya sayar da fiye da miliyan 200. Masu kyau a cikinsu, na shekarun 1980 da farkon 1990, sun ba shekara talatin baya, kuma babu robar da ke kai wannan shekaru da ƙarfinta, balle a zafin Sakkwato ko Agadas.

Wani zai ce me ya hana a sayi sabuwa, tunda har yanzu ana ƙera su a Sin. Ana ƙerawa kam, amma kusan dukkansu inji iri ɗaya ne mai arha a cikinsu, murya na rawa, ƙara na tashi. Tsohuwar Aiwa ko Sony da ta sami gyara mai kyau ta fi su nesa ba kusa ba. Ga kuma abin da za a saurara. Tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi da waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Barmani Choge, da yawa an ɗora su a intanet. Amma kaset ɗin walimar saukar karatu, da na ɗaurin aure, da wanda ɗan'uwa ya naɗo muryarsa daga Makka ko Sudan ya aiko a madadin wasiƙa, waɗannan babu su ko'ina sai a zaren kaset ɗin. Shi ya sa ƙa'ida ta farko ita ce: kada ka gwada rikodar da ba ka gama gyarawa ba da kaset mai daraja. Nemi wanda ko ta cinye shi ba ka da asara, shi ne abokin aikinka har ƙarshe.

Yadda take aiki

Buɗe murfin ka leƙa. Za ka ga turaku biyu masu haƙora da ke shiga ramukan kaset. Kusan kowa na zaton su ne ke jan zare, alhali aikinsu naɗewa ne kawai. Mai jan zaren wata siririyar sandar ƙarfe ce mai sheƙi da ke tsaye a gefe, tare da 'yar tayar roba da ke matse zaren a jikinta idan an danna kunnawa. Can ƙasa, inda ba ka gani, sandar nan a jikin wani faifan ƙarfe mai nauyi take, moto kuma na juya faifan ta hanyar bel, wato siririyar robar nan. Nauyin faifan shi ke sa juyin ya tafi sumul. Zaren, mai faɗin milimita 3.81, yana wucewa ta fuskar hed a kan gudun santimita 4.76 kowace daƙiƙa, hed ɗin ya karanta maganaɗisun da ke jikinsa ya mai da shi 'yar wutar da fanel, wato allon kayan lantarki, zai ƙara wa ƙarfi ta zama murya.

Wanda ya gane wannan ya gane dalilin cin kaset. Sanda da taya suna ta turo zare, turken naɗi kuwa ya tsaya ko ya yi rauni, sai zaren ya rasa inda za shi, ya cukurkuɗe a cikin inji. Ko kuma tayar ta yi danƙo ta riƙe zaren ya nannaɗe a jikinta. Galibi matsalar ba ta wuce ɗayan biyun nan.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙananan sukudireba irin na masu gyaran agogo, hantsaki mai siririn baki, tsinken auduga na goge kunne, tsinken sakace, sifirit mai ƙarfi (isofrofil mai kashi 90 cikin ɗari ko fiye shi ya fi, don ba ya barin ruwa), man keken ɗinki, ɗan giris fari wanda ba ya cin roba, mitar auna wuta, da waya mai kyamara. Kan sukurorin Japan ya ɗan bambanta da na Turai ko da yake duka gicciye ne, saboda haka sukudireban da bai zauna daram ba zai cinye kan sukuru, kuma fitar da sukurun da kansa ya cinye a jikin abu ƙarami haka ya fi dukan gyaran wuya. Fetur da tina da ruwan goge jan farce kuwa kada su kusanci wurin, narka jikin rikoda suke yi.

Kafin a kwance komai

Fara da gidan batir. Idan ka ga farin gari ya daskare a kan ƙarafan, ruwan batir irin su Duracell ne, kuma abu mai tsami ke kashe shi: jiƙa auduga da ruwan lemun tsami ko binega ka goga, za ka ga yana 'yar kumfa. Idan kuwa jar tsatsa ce da danshi, wadda batir irin su Tiger Head ke bari, shi ruwansa ne mai tsami, sai a kashe shi da bekin soda da aka dama da ɗigon ruwa. Bekin soda ta girki nake nufi, ba sodar yin sabulu ba. Bayan ko wanne, bi da sifirit, ka bari ya bushe, sannan ka kankare ƙarfen da 'yar samfefa mai laushi har ya yi haske. Duba sifirin, wani lokaci tsatsa ta cinye shi ya rage kamar yana nan alhali ba ya kai wuta. Mita ce za ta raba gardama: batir biyu sababbi su ba ka bolt 3 ko ɗan fiye a inda wayoyi suka tashi.

Siraran samfura, tun daga Sony WM-101 na 1985, suna aiki da wani batir mai faɗi shafal wanda ake caji, mai bolt 1.2. Wanda ka tarar a ciki ya riga ya mutu. Har yanzu ana yin sababbinsa, kuma da yawa daga cikin rikodojin nan sun zo da ɗan kwanso da ake ɗaurawa a gefe a sa batir na gama-gari guda ɗaya.

Game da adafta: kada ka sa wadda ka tsinta don kawai bakinta ya shiga. Kusa da ramin akwai zanen da ke nuna yawan bolt da kuma ko tsakiyar ramin mai alamar tarawa ce ko ta ɗebewa. Tsofaffin Sony da yawa tsakiyarsu ta ɗebewa ce, akasin adaftocin yanzu. WM-D6C, wadda 'yan jarida da masu bincike suka yi shekaru suna naɗar hira da ita, ta yi suna wajen ƙonewa ta wannan hanya, kuma ɗan guntun da ke ƙonewa a cikinta yana da wuyar samu. Yi duk gwajinka da batir.

Sai hanyar zare. Cire batir, buɗe murfi, danna kunnawa don hed da taya su leƙo. Jiƙa auduga da sifirit, ba sharkaf ba, ka goge fuskar hed. Jan dattin da zai fito garin jikin zare ne, kuma shi kaɗai ya isa ya dusashe murya har mutum ya rantse rikoda ta lalace. Goge sandar ƙarfe har ta yi sheƙi ta kowane gefe. Tayar roba kuma ka riƙa juya ta kana gogewa, kana sauya auduga, sai ta daina ba da launi. Kada ka yawaita mata sifirit don yana busar da roba. Ruwa da ɗigon sabulu ma ya wadatar. Taɓa ta da farce. Mai lafiya baƙa ce mara sheƙi, tana ɗan lotsawa. Wadda ta yi tauri tana ƙyalli, ko ta tsattsage, ko ta sami kwari a gefe ɗaya, sai canji.

Yanzu gwada. Akwai rikodojin da nan gyaransu ke ƙarewa.

Bel

Idan turaku ba su juya ba, ko sun juya da ƙyar, dole a buɗe. Kashe fanka, shimfiɗa farin ƙyalle a kan faranti mai gefe, don abin da ya faɗi kada ya gangara. Zana siffar bayan rikodar a kan kwali, duk sukurun da ka cire ka soka shi a gurbinsa na zanen. Dalili kuwa tsawonsu ba ɗaya ba ne ko da ido ya ga kamar ɗaya, kuma dogon sukuru a gurbin gajere yakan huda fanel ko ya tokare faifai. Nemi ɓoyayyu a cikin gidan batir da ƙarƙashin maƙalin ɗamara. Idan marfin baya ya ƙi ɗagowa, akwai sukuru ko maƙalin da ba ka gani ba. Kada ka sa ƙarfi, robar da ta shekara talatin ba ta lanƙwasawa, karyewa take. Ɗauki hoto a kowane mataki, tun ba inda wayoyi suka bi da yadda ƙananan makunnai na gefe suke zaune ba. Littafin gyara na samfura da yawa yana intanet, ka nema da lambar da ke rubuce a jikin taka.

A wasu, da ka ɗaga marfi ga bel a fili. A siraran kuwa fanel ya rufe shi, sai an narke dalma a wurare kaɗan, galibi na moto da na batir, kafin a ɗaga. Akwai kuma wata siririyar waya mai faɗi, ruwan zuma, da ke zuwa hed. Idan ta yage, samun madadinta sai a jikin wata matacciyar rikodar irinta, don haka a ɗaga fanel a hankali ta gefen da ba za a ja ta ba.

Bel iri uku za ka tarar. Wani ya saki ya yi sako-sako. Wani ya bushe ya karye gunduwa-gunduwa. Na ukun shi ne fitinanne: ya narke ya koma kamar kwalta, ya manne a kwarin faifai da na 'yar ƙafar moto, duk abin da ya taɓa ya ɓata. Kada ka fara da sifirit, zai tsinka shi ya malala cikin giyoyi. Fara ɗebe mai kauri da tsinken sakace, kana shafewa a takarda. Sai ka bi da auduga da sifirit. Kwarin ƙafar moto ƙarami ne ƙwarai, hanya mafi kyau ita ce ka jiƙa zaren ɗinki mai kauri da sifirit, ka zarga shi a kwarin kana ja gaba da baya. Ci gaba har farin zare ya fito fari. A nan mutane suka fi gazawa. Ɗigon da ya rage, wanda ido ba ya ko gani, zai riƙa ɗaga sabon bel sau ɗaya a kowane zagaye, murya ta riƙa rawa, mai gyara ya koma yana zargin moto.

Samun sabon bel shi ne inda za a ɗan sha wuya. Mafi alheri a sayi wanda aka yanka don wannan samfurin, masu sayarwa a intanet suna jera su da lamba. Idan bai samu ba sai awo: zagaya zare ta hanyar da bel ke bi, yi alama, auna tsawon, ka rage kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari don ya ɗan kama. Mai sayarwa zai iya ba ka awon bel a ninke, sai ka ninka biyu. Ko faɗin da'irarsa, sai ka ninka da 3.14. Kauri ma abin lura ne, yawancin na aljihu tsakanin rabin milimita ne zuwa milimita ɗaya. Wanda ya cika ɗamewa yana wahalar da moto, yana shan batir, yana cinye mazaunin sanda. Wanda ya saki kuma santsi zai riƙa yi. Ƙunshin bel masu arha da ake sayarwa da yawa a leda ɗaya, kaurinsu ba daidai yake ba daga wannan gefe zuwa wancan. Don karatu da wa'azi za a iya lallaɓawa, amma goge ko kukuma za su tona asirinsu. Robar ɗaure kuɗi kuwa ba bel ba ce. Akwai masu dafa tsohon bel a ruwan zafi don ya tsuke, yana yi, amma na 'yan kwanaki.

Wajen sa shi, yi amfani da hantsaki ko tsinke, kada maiƙon hannu ya taɓa shi, kuma ka juya faifan da yatsa zagaye da yawa ka tabbatar bai murɗe ba. Rikodar da ke juya kaset da kanta tana da sanda biyu da faifai biyu, kuma dole su juya saɓanin juna. Shi ya sa bel ɗin yake bin ɗaya ta ciki, ya bi ɗayan ta bayansa. Wanda ya zagaya su duka ta waje, gefe ɗaya zai yi aiki, ɗayan ya ci kaset nan take. Idan tsohon bel ya narke babu abin kwaikwayo, baƙin sawun da ya bari shi zai nuna maka hanya, don haka ka ɗauki hoto kafin ka goge.

Tunda ciki a buɗe yake, duba mai. Tsohon giris yakan daskare ya riƙe ƙarafan da ke zamewa idan an danna maɓalli. Wanke shi da sifirit, ka shafa sabo ɗan kaɗan da bakin tsinke. Mazaunin sandar ja yana son ɗigon man keke guda, wanda za ka ɗauko da bakin allura. Idan za ka zare faifan don yin haka, lura da wata 'yar washa ta roba da ke jikin sandar, ƙanƙanuwa ce kuma tana son tsalle. Bayan ka mayar, sake goge sandar da sifirit, don mai a jikinta yana sa zare santsi. Ban da waɗannan wurare, kada mai ya je ko'ina. Man feshi irin na kwance noti mai tsatsa ya kashe rikodoji da yawa: yana bin bel, yana bin ɗan kulocin da ke ba turken naɗi ƙarfi, ƙurar hunturu kuma ta zo ta zauna a kai.

Jerin Sony masu lambar DD sun fita daban, moto ne ke taɓa faifan kai tsaye ba ta bel ba, kuma suna cikin mafi daɗin murya. Cutarsu wata giya ce ta tsakiya, roba a kan ƙarfe. Robar ta tsuke da shekaru ta tsage, sai ka riƙa jin ƙas, ƙas, a kowane zagaye. Masu sha'awar abin suna ƙera madadinta, amma sa ta aikin wanda hannunsa ya faɗa ne.

Gudu da murya

Sabon bel yakan ɗan sauya gudu. A kan fanel akwai wani ɗan abin murɗawa da ke saita gudun moto, a wasu samfura ma akwai ƙaramin rami a marfin baya daidai kansa. Masu gyara suna amfani da kaset na gwaji mai ɗauke da sauti ɗaya tak na hats 3,000 ko 3,150. Ana kunna shi, a sa manhajar auna sauti ta waya, a murɗa har lambar ta zo daidai. Kuskuren hats 30 shi ne kusan kashi ɗaya cikin ɗari, kuma kunne ba ya cika kama abin da bai kai haka ba. Wanda ba shi da wannan kaset sai ya nemi waƙar da yake da ita a kaset na asali na kamfani kuma yake da ita a waya, ya kwatanta tsawonsu. Waƙar minti biyar da ta ƙare da saurin daƙiƙa shida, gudu ya yi yawa da kusan kashi biyu cikin ɗari. Na ce na asali don kofen kasuwa, wanda aka kwafa daga kofe a injin da shi ma ba a san saitinsa ba, da nasa kuskuren yake tafe. Sa batir sabo, bar ta ta yi 'yan mintuna tana aiki, auna a tsakiyar kaset, kuma ka murɗa da tsinke ko sukudireba na roba, kaɗan-kaɗan.

Idan murya na ƙarce-ƙarce sa'ad da kake ƙara ta ko rage ta, datti ne a cikin abin murɗawar. Ɗigon ruwan wanke makunnai, ko sifirit, sannan a yi ta murɗawa sama da ƙasa. Kunne ɗaya da ke ɗaukewa ya dawo idan an motsa abin sauraro, galibi dalmar ƙafafun ramin ce ta tsage saboda shekarun cusawa da zarewa. Sake narka ta aikin minti biyu ne. Idan gefe ɗaya na kaset ne kawai ke ba da murya a mai juya kanta, wanke makunnin da ke sauya gefen.

Murya ƙasa-ƙasa ko da an ƙure, ko gurnani mai bugawa, ko tsit gaba ɗaya alhali inji na juyawa lafiya, wannan yana nuni ga kafasita. Ƙananan gwangwanaye ne masu ruwa a ciki, kuma na ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, musamman a Aiwa da siraran Sony, sun yi ƙaurin suna wajen yoyo. Alamarsu dalma ta dushe ta yi toka-toka a ƙafafunsu, kuma idan zafi ya taɓa wurin ƙarnin kifi ke tashi. Ruwan yana cin layukan tagulla, don haka ba a jinkiri. Ana cire su duka, a wanke fanel da sifirit, a sa sababbi masu lamba ɗaya ta ƙarfin ajiya, bolt kuma daidai ko sama da na da, a kuma kula da ƙafar tarawa da ta ɗebewa. Idan ba ka saba da dalma a kan abu ƙarami ba, kai wa masu gyaran waya irin na Farm Centre a Kano, suna da madubin ƙara girma da siririn baki. Sai dai ka roƙe su su cire fanel ɗin daga jikin inji kafin su kawo iska mai zafi kusa, don giyoyin roba ba sa jurewa.

Saura hed. A gefensa akwai wani sukuru mai sifirin, galibi an ɗiga masa fenti. Shi ke saita tsayuwar hed don ta yi daidai da layin da aka naɗa a zare, kuma karkacewar da ido ba ya gani ta isa ta kwashe duk kaifin murya. Idan fentin bai fashe ba kuma kaset na kamfani yana fita tangaran, a bar kaza cikin gashinta. Idan kuwa kowane kaset a dushe yake bayan an wanke hed, kunna wanda ka amince da shi, ka murɗa sukurun ƙasa da kwatan zagaye ta nan da ta can, kana sauraron inda "s" da "sh" na mai magana suka fi fita. Tsaya nan, ka ɗiga jan farce don kada ya motsa. Sukudireban da ke kama ƙusa kada ya taɓa hed, maganaɗisunsa zai zauna a ciki. Kafin duk wannan ma duba makunnan gefe. Mai rubutun Dolby idan yana kunne alhali ba da shi aka naɗi kaset ba, murya dushewa take. Haka mai rubutun CrO2 ko Metal. Kusan duk kasusuwan da aka saya a kasuwanninmu na Normal ne, babu Dolby. Hed ɗin da farce ke jin kwari a fuskarsa kuwa ya cinye, sai a ciro na wata.

Kaset ɗin kansa

Rikoda ta tashi, ta cinye gefe biyu na kaset ɗin gwaji ba tangarɗa. Kafin ka sa mai daraja, duba shi ma. A tsakiyar bakinsa, bayan zare, akwai ɗan soso a kan siririn ƙarfe mai danna zare a fuskar hed. Gam ɗinsa yakan bushe ya faɗi, kuma in babu shi murya ba ta fita. Mayar da shi da ɗigon gam, a bari ya bushe sarai. Zura biro mai kusurwa shida a rami ka juya. Idan ya yi tauri, kada ka ba rikoda ta ja. Bubbuga shi a tafin hannu ta faɗinsa, ko ka buɗe sukurori biyar ɗin ka mayar da zaren cikin kwanson wani kaset mai kyau. Kwanson da aka liƙe babu sukuru sai an tsaga shi ta gefe da wuƙa. Farin fumfuna a gefen naɗin, wanda damina ke kawowa, a share shi da busasshen ƙyalle mai laushi a waje cikin iska, a kuma wanke hed da taya bayan an kunna.

Zaren da ya tsinke, a da da jan farce ko salatif ake haɗa shi. Duka biyun suna tsattsafo danƙo daga baya su manne da zagayen da ke kusa. Akwai salatif na musamman na haɗa zare. A ɗora bakin biyu a kan juna, a yanka su tare a karkace, a jera su baki da baki, a liƙa ta bayan zaren, wato gefen da ba ya taɓa hed. Wanda ya yamutse kuwa kada a yanke shi, a miƙe shi da yatsa a naɗe, wurin zai ɗan yi gargada amma maganar na nan. Yi hattara da C120, zarensa ya fi na C60 da C90 siranta, shi ya sa ya fi saurin shiga inji. Idan taka mai naɗa ce, ɓalle 'yan harsunan da ke saman kaset don kada hannu ya kuskure ya goge.

Kunnawar farko ta kaset mai daraja, a yi ta da kwamfuta a haɗe, don wani zaren ba zai ba da dama ta biyu ba. Waya mai baki milimita 3.5 daga ramin abin sauraro zuwa ramin shigar sauti. Na makirfo a laftof yana da saurin cika kuma galibi kunne ɗaya yake ɗauka, gara a sami 'yar na'urar sauti ta USB mai ramin layi. Manhajar Audacity kyauta ce. Saita ƙarfi yadda mafi tsananin wuri ba zai kai ƙarshen ma'auni ba, ajiye a WAV tukuna, daga baya a yi MP3 don turawa 'yan'uwa. A nan ne kawai ya halatta a taɓa sukurun hed saboda kaset guda, tunda rikodar da aka naɗe shi da ita mai yiwuwa nata hed ɗin a karkace yake. In an gama a mayar da saitin da kaset na kamfani. Bar rikoda a kan batir, ka zare cajar laftof, musamman in janareto ke aiki, in ba haka ba gurnanin wuta zai shiga naɗin.

Wajen ajiya, cire batir duk lokacin da za ta kwana biyu ba a taɓa ta ba. Kada a bar maɓallin kunnawa a danne, sanda za ta yi wa taya kwari. Kada a bar ta a mota ko inda rana ke bugu, a sa ta a jakar ƙyalle saboda ƙura, kuma a riƙa kunna ta ko sau ɗaya a wata don kada bel ya sandare da siffar ƙafar moto.